Wa Ya Kashe Matan Argelius? Sharhi a Kan Wasan "Wolf in the Fold"

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a dandali ana kacici-kacici ya san ƙa'idar wasan. Mai tambaya yakan ɓoye amsa ne a cikin tambayar kanta, ta yadda in ka gaji ka ba da gari aka faɗa maka, sai ka dafe kai ka ce, ashe abin yana gabana ban gani ba. In kuwa aka faɗi amsa ka duba ka ga babu ta yadda za a yi ka gano ta, to, ka san an ci maka gari a banza. Labarin binciken kisan kai ɗan'uwan kacici-kacici ne, domin shi ma alkawari ne tsakanin marubuci da mai kallo: zan nuna maka duk abin da mai bincike ya gani, ka gwada basirarka da tasa.

Da wannan ma'auni nake so mu auna wani kashi na wasan talabijin ɗin nan na Amurka mai suna Star Trek, wanda Gene Roddenberry ya ƙago, aka kuma nuna shi a tashar NBC daga 1966 zuwa 1969, kashi 79 gaba ɗaya. Wasan ƙagaggen labarin kimiyya ne a kan wani jirgi mai suna Enterprise da ke yawo a tsakanin taurari da mutane sama da 400 a cikinsa. Kashin da za mu duba sunansa "Wolf in the Fold", watau kamar mu ce kura a cikin garke. An fara nuna shi ran 22 ga Disamba, 1967. Robert Bloch ne ya rubuta, Joseph Pevney ya ba da umarni. Na kalle shi sau uku. Kallon farko ya burge ni, na biyu ya sa ni shakka, na uku kuwa shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Labarin a Taƙaice

Wasan ya buɗe ne a wani gidan rawa a duniyar Argelius ta Biyu, inda Kyaftin Kirk da Likita McCoy suka kai babban injiniyan jirgi, watau Scott, don ya huta bayan wani hatsari da ya bugu a ka. Mutanen wannan duniya ba su san faɗa ba, ba su da wani aiki sai jin daɗi, har ta kai sai sun ɗauko ma'aikata daga wasu duniyoyi su riƙe musu mulki. Scott ya fita yawo cikin hazo da wata 'yar rawa mai suna Kara. Jim kaɗan sai aka ji ƙara. Da aka ruga sai ga Kara kwance an daddaɓa mata wuƙa, ga Scott jingine da bango, wuƙa a hannunsa duk jini, ya kuma ce ba ya tuna kome.

Wanda bincike ya faɗa hannunsa shi ne kantoman birnin, Hengist, baƙo daga duniyar Rigel ta Huɗu. Shugaban ƙasar kuwa, Jaris, ya sanar da su cewa tsohuwar dokar kisan kai ba a taɓa soke ta ba, hukuncinta kuma shi ne a kashe mutum da azaba sannu a hankali. Bugu da ƙari, mutanen gari sun fara maganar a rufe wa jirage tasharsu, alhali kuwa ita kaɗai ce a wannan yanki. Kirk ya sa a turo wata ma'aikaciyar jirgi, Laftana Karen Tracy, da wata na'ura mai karanta abin da ƙwaƙwalwar mutum ta ajiye. Tana keɓewa da Scott sai aka kashe ta. Sa'an nan matar Jaris, Sybo, wadda ta gaji baiwar gane abin da ke ɓoye, ta tara su suka riƙe hannun juna a kewaye da wuta. Ta ce tana jin wani tsohon mugun abu mai ƙin mata, mai yunwar da ba ta ƙarewa, ta kira sunaye uku: Redjac, Beratis, Kesla. Fitila ta mutu. Da haske ya dawo sai ga ta a hannun Scott, wuƙa a bayanta.

Daga nan aka koma cikin jirgi aka zauna shari'a a gaban kwamfuta mai gane ƙarya. Kwamfuta ta wanke Scott, ta kuma bayyana cewa Redjac laƙabi ne na makashin matan nan na Landan da ake kira Jack the Ripper. Ashe wata halitta ce marar jiki wadda tsoron mutane ne abincinta, tana bin ɗan Adam duk inda ya yi ƙaura. Kisan da ta yi na baya-bayan nan a Rigel ta Huɗu ne, wuƙar ma ƙirar can ce. Ido ya koma kan Hengist. Ya yunƙura zai gudu, Kirk ya naushe shi, ya faɗi matacce, halittar ta fice ta shige kwamfutar jirgi tana tsorata mutane. McCoy ya yi wa kowa allurar kwantar da hankali har suka koma dariya, Spock kuma ya kore ta daga kwamfutar da dabara. Da ta koma jikin Hengist sai suka yi masa allura, suka watsa shi cikin sarari. Ƙarshen labari ke nan.

Abin Yabo

Kafin mu shiga tarke, ya kamata a ba kowa haƙƙinsa. Rabin farko na wasan nan gwani ne ya gina shi. Bloch ba baƙo ba ne a wannan fage, shi ya rubuta littafin Psycho a 1959, wanda Alfred Hitchcock ya mayar fim a 1960, tun a 1943 kuma ya buga wani gajeren labari a kan shi wannan Jack the Ripper ɗin. Ya san yadda ake ƙulla zare. Kisa uku ya jera, kowanne ya fi na baya matse Scott: na farko a titi inda kowa zai iya wucewa, na biyu a ɗaki, na uku a gaban shaidu. Ya kuma kawo mutum biyu don su raba mana hankali, watau Tark, mahaifin Kara, da Morla, saurayinta mai kishi, a ƙasar da ake ganin kishi abin kunya ne.

Hazon nan ma ba banza ba. Ya zama ishara ga lungunan Landan tun kafin a ambaci sunan birnin. Haka nan zaɓen John Fiedler ya fito a Hengist dabara ce babba. Ɗan ƙaramin mutum ne mai sanƙo da siririyar murya, wanda aka sani da fitowa a matsayin mai sanyin hali, kamar yadda ya yi a fim ɗin 12 Angry Men na 1957. Daga 1968 ma shi ya riƙa yin muryar ɗan aladen nan matsoraci na wasan yara Winnie the Pooh. Wa zai kalli wannan ya ce shi ne kura? James Doohan kuma, wanda ya fito a Scott, ya nuna mana ruɗewar mutumin da ya kai ga shakkar kansa, yana tsoron kada a ce shi ɗin ne da gaske. Dabarar Spock ma abin sha'awa ce. Ya umarci kwamfuta ta lissafo lambar ƙarshe ta pai, watau adadin da ake samu in an raba kewayen da'ira da faɗinta, 3.14159 har illa ma sha Allahu. Tun da lambobin ba su da iyaka, sai kwamfuta ta duƙufa kan aikin da ba ya ƙarewa, baƙon da ya shige ta ya rasa wurin zama. Wannan kimiyya ce ta gaskiya, ɗalibin lissafi na iya tabbatar da ita.

Zubi da Tsari

To, amma shin an cika alkawarin kacici-kacici? A 1929 wani marubucin Ingila, Ronald Knox, ya tsara dokoki 10 na labarin bincike. Ta farko ta ce dole mai laifi ya zama wanda aka ambata tun farkon labari. Ta biyu ta ce kada a jingina warwarar matsala ga abin da ya fi ƙarfin ɗabi'a. Bloch ya kiyaye ta farko, domin Hengist ya bayyana da wuri, da bakinsa kuma ya faɗi cewa daga Rigel ta Huɗu ya zo. Wannan ita ce alama guda tak da aka ba mai kallo tsakani da Allah. Ta biyu kuwa ya taka ta da gangan, sai dai ya yafa wa aljaninsa rigar kimiyya.

Wani zai ce ai labarin kimiyya ne, halitta marar jiki ba abin mamaki ba ce a cikinsa. Na yarda. Amma an riga an yi wannan gardama an gama. Editan mujallar labaran kimiyya John W. Campbell ya taɓa cewa labarin kimiyya da na bincike ba sa haɗuwa, domin marubuci na iya zaro wata na'ura daga aljihu a shafin ƙarshe ya warware kome. Isaac Asimov ya ba shi amsa da littafin The Caves of Steel na 1954, inda ya shimfiɗa dokokin duniyarsa tun farko, ya kuma tsaya a kansu har aka kama mai laifi. Ke nan an halatta wa marubuci ya ƙago duniyar da ya ga dama, abin da aka hana shi shi ne ya ɓoye dokokinta sai lokacin da ya matsu.

Wasan Bloch ya faɗa cikin ramin da Campbell ya hango, har sau biyu. Na farko, ita na'urar nan mai karanta ƙwaƙwalwa. In har akwai ta, to, babu sauran bincike, a ɗora wa Scott a ga abin da ya faru. Marubuci ya ga haka, sai ya kashe mai riƙe da ita. Amma jirgi mai mutane sama da 400 a ce babu wani da ya iya aiki da ita? Har wasa ya ƙare ba mu ga an yi amfani da ita ba. Na biyu, duk hujjojin da suka kama Hengist daga cikin kwamfuta suka fito: ma'anar Redjac, jerin kashe-kashen da marubuci ya ƙago a Shanghai a 1932, da Kiev a 1974, da duniyar Mas a 2105, da asalin wuƙar. Babu ɗaya daga cikinsu da mai kallo zai iya sani. Kirk da Spock tambaya kawai suke yi, na'ura tana ba su amsa, kamar ɗalibin da ya shiga jarrabawa da littafi a buɗe. Mu da ke kallo mun ba da gari, aka ba mu amsar da ba ta cikin tambaya.

Jigo

Da a ce laifin wasan ya tsaya a tsari, da sai mu ce ajizanci ne, mu wuce. Abin da ya fi damuna yana cikin jigo. Tun a farkon wasan McCoy ya gaya wa Kirk cewa fashewar da ta jefa Scott jikin bango mace ce ta jawo ta, don haka yana tsoron kada injiniyan ya ƙullaci mata baki ɗaya. Maganin da likita ya ga ya dace shi ne a kai shi ya kalli 'yar rawa. Mu ajiye wautar wannan magani a gefe, mu dubi tambayar da aka ɗora a gabanmu, domin babbar tambaya ce: shin mutumin kirki, abokin aikinmu, wanda muke ci muke sha tare, zai iya ɓoye ƙiyayyar mata a zuciyarsa har ta kai shi ga zub da jini? Rabin farko na wasan a kan wannan tambaya ya tsaya, shi ya sa yake da nauyi. Kirk da kansa ya shiga tsaka mai wuya, ga amini, ga gawa uku.

Sai ga shi da aka zo ba da amsa marubuci ya zille. Scott ba shi da laifi. Morla mai kishi ba shi da laifi. Hengist ma, in an bi ta barauniyar hanya, ba shi da laifi, tun da hawansa aka yi. Kai, har makashin Landan na 1888 an wanke shi, an ce ba ɗan Adam ba ne. Duk namijin da ke cikin labarin ya fita fes, laifi ya koma kan iska. Mu nan ba baƙin wannan hanzari ba ne. Sau nawa muka ji an gurfanar da ƙato a gaban alƙali ya yi wa yarinya ta'asa, aka tambaye shi dalili ya ce sharrin Shaiɗan ne? Alƙalin kirki yakan ce masa, to, Shaiɗan ba ya cikin kotu, kai ne a gabana. Wasan nan ya karɓi hanzarin, har ya sa kwamfuta ta buga masa hatimi.

Daɗin daɗawa, da aka tambayi abin da ya sa halittar ta fi farautar mata, sai aka sa amsa a bakin Spock, cewa wai mata sun fi maza saurin firgita, tsoronsu kuma ya fi zurfi. Da wani ne ya faɗa da sai mu ce ra'ayinsa ne. Amma Spock shi ne muryar hankali da hujja a Star Trek, abin da ya faɗa masu kallo kan ɗauke shi tamkar binciken kimiyya. Babu wanda ya musa masa, babu hujjar da ya kawo. Wasan kansa ma ya ƙaryata shi, domin Sybo ta san hatsarin da ke cikin abin da za ta yi, ta zauna ta yi, ita ce kuma ta samo sunayen da suka tona asiri. Tracy ta ga an kashe mace, ta shiga ɗaki ita kaɗai da wanda ake zargi don ta yi aikinta. Ina tsoron yake? Maganar Spock ta juya laifi ne a fakaice, ta mai da shi kan halin waɗanda aka kashe.

Mu koma ga tarihi na gaskiya kaɗan. Tsakanin 31 ga Agusta da 9 ga Nuwamba, 1888, an kashe mata biyar a unguwar Whitechapel da kewayenta a gabashin Landan: Mary Ann Nichols, Annie Chapman, Elizabeth Stride, Catherine Eddowes da Mary Jane Kelly. Ba a taɓa kama wanda ya yi ba. Laƙabin da ya shahara da shi ma daga wata wasiƙa ya fito, wadda masana da yawa ke zaton ɗan jarida ne ya rubuta ta don a sayi jarida. Tun daga lokacin aka yi ta rubuta littattafai a kan makashin, matan kuwa aka bar su a matsayin lissafi. A 2019 masaniyar tarihi Hallie Rubenhold ta fitar da littafi mai suna The Five a kan rayuwarsu, ta nuna cewa talauci da rashin wurin kwana ne suka jefa su cikin hatsari, ta kuma ce babu hujjar da ta tabbatar uku daga cikinsu karuwai ne kamar yadda aka daɗe ana faɗa. Wanda ya kashe su mutum ne mai ƙafa biyu, abin da ya ba shi dama kuma halin birnin ne. Mai da shi aljani ƙara masa kwarjini ne, ya kuma sauke wa al'ummar da ta bar matan nan a titi nauyinta.

Abin da aka yi wa matan Whitechapel shi wasan ya yi wa matan Argelius. Dubi yadda ya rufe. Ma'aikatan jirgi suna tangaɗi da dariya saboda allura, Kirk kuma yana zolayar Spock su koma gari, wai ya san wani gidan rawa mai kyawawan mata. Awa nawa ke nan da kashe Tracy, ma'aikaciyarsa, wadda shi ya kira ta ta sauko? Jaris ya rasa matarsa, Tark ya rasa 'yarsa, babu wanda ya juyo ya yi musu ta'aziyya. Shi kansa Hengist ba a tsaya an tambayi ko bawan Allah ne da aka hau ba, aka watsa shi cikin sarari ba shari'a. Muddin Scott ya kuɓuta, to, biki ya yi kyau. Ashe tun farko abin da ke gaban marubuci shi ne wuyan Scott da tashar jirage, gawawwakin nan uku kuwa tsani ne kawai.

Kammalawa

Na san za a ce mini wasan 1967 ne, a yi masa uzuri da zamaninsa, kuma al'adar talabijin ta lokacin ita ce a rufe da raha. Akwai gaskiya a ciki. Amma Star Trek da kansa ya ɗaga wa kansa ma'auni. Shi ne wasan da ya ajiye baƙar mace, Nichelle Nichols, a matsayin hafsa a ɗakin tuƙin jirgi, a shekarun da Amurka ke fama da rikicin wariyar launin fata. Wanda ya nuna ya iya hangen gaba a wani wuri ba zai fake da zamani a wani wurin ba. Kuma ba a bukatar canja labarin gaba ɗaya. Da an bar Hengist mutum, baƙon ma'aikaci wanda ya gane cewa ya faɗo garin da babu 'yan sanda, aka kuma bar Kirk ya kama shi da alamun da mu ma muka gani, da sunan wasan ya fi dacewa da shi, domin kurar da ta fi ɓarna ita ce wadda aka ba tsaron garke.

Ra'ayina dai shi ne, "Wolf in the Fold" wasa ne mai daɗin kallo wanda ya yi tambayar da ta fi ƙarfin zuciyar marubucinsa. Ina shawartar 'yan'uwa ɗalibai su neme shi su kalla, musamman masu sha'awar rubuta labarin bincike da Hausa, domin akwai darasi biyu a cikinsa. Na ɗaya, ka nuna wa mai karatu duk abin da mai bincikenka ya gani, kada ka ɓoye amsa a aljihu. Na biyu, in ka kashe mutum a labarinka, ka tuna yana da uwa da uba, ka kuma bar laifin a wuyan wanda ya riƙe wuƙa. Wanda ya kalla ya ga saɓanin abin da na gani, fili a buɗe yake, ya rubuto mu ƙaru da juna.